Ƙato Bayan Ƙato a Tsangayar Likitoci

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Kano ya zama ɗan dimokuraɗiyya dare ɗaya, har waɗanda jiya-jiya suke riƙe wa kantoma jaka. Tsangayar koyon aikin likita ma ba a bar ta a baya ba. Aka ce an daina naɗa mata shugaba daga sama, malamai ne za su zaɓi nasu da kansu.

Mutum biyu suka fito. Na farko Farfesa Kabiru, wanda kantoman jami'a ya naɗa tun zamanin kaki, mutum mai santsin baki kamar kuɓewa. Na biyu Dakta Lawan, likitan yara, wanda aka kora shekarun baya saboda yajin aiki, bai daɗe da dawowa ba.

Yajin da ya jawo aka kore shi, mutum biyu ne suka shirya shi: shi da amininsa Dakta Haruna. Tare suka yi karatu, tare suka ci kwano ɗaya, Lawan ne ma ya yi wa Haruna babban aboki ranar aurensa. Amma sunan Lawan kaɗai ya isa teburin kantoma. Ya tattara littattafansa ya koma Gyaɗi-Gyaɗi, ya kama wani ɗan shago kusa da masu faci yana duba yara masu gudawa da ƙyanda. Haruna kuwa ya ci gaba da aikinsa, har aka tura shi ƙarin karatu waje.

Tun lokacin ake ta raɗe-raɗin cewa Haruna ne ya kai sunan. Lawan bai taɓa yarda ba. Wanda duk ya kawo masa zancen sai ya ji babu daɗi. Matarsa Jummai ce kaɗai ba ta tsoron bakinsa.

"Baban Ladi," takan ce, "da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da bai taɓa taka shagon nan ba sai ran Sallah?"

"Aiki ne ya yi masa yawa. Ke dai ba kya raina abin magana."

To wannan ne ya sa, ranar da aka zauna tsara zaɓe, Lawan ya miƙe ya ce shi bai yarda da jefa takarda a akwati ba. A yi ƙato bayan ƙato. 'Yan takara su tsaya a gaba, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so, rana tsaka, a ƙirga. Ya ce ɓoye-ɓoye ya ishe su haka. Aka yi masa tafi, aka amince. Abin da bai faɗa ba shi ne, kujerar ba ta dame shi kamar yadda ake zato ba. So yake duk tsangayar ta ga Haruna tsaye a bayansa, ya koma gida ya faɗa wa Jummai, bakin kowa ya mutu.

Da la'asar sai ga Haruna a ƙofar gidansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Suka zauna a kan dakali. Haruna ya yi gyaran muryar nan tasa, wani ɗan tari busasshe sau biyu da yake yi tun suna ɗalibai in zai faɗi abu mai nauyi.

"Mutumina, don Allah ka janye maganar layin nan. A yi ta takarda."

"Saboda me?"

"Akwai masu tsoro. Ba kowa ke da zuciyarka ba."

Lawan ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Mai tsoro ya zauna a gida. Ni in ka tsaya a bayana, ko kai kaɗai ne, na ci zaɓe."

Jummai ta aiko da kunun aya, Haruna ya kurɓa kaɗan ya ce ana jiransa a Unguwa Uku.

Ranar zaɓe aka taru a filin da ke gaban ɗakin lacca, ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Ɗalibai suka cika baranda da fararen rigunansu, har masu sayar da gurasa a bakin ƙofa suka matso, don ba kullum ake ganin farfesoshi a layi kamar masu jiran kananzir ba. Dakta Adewale, dattijon sashen tiyata, shi ne alƙalin zaɓe. Ya kafa doka ɗaya: ɗan takara ba zai waiwaya ba sai an gama ƙirga, kada idonsa ya tsorata wani.

Lawan ya tsaya ya fuskanci bango. Yana jin takun takalma, yana jin layi na tsawo a bayansa. Wani ya zo ya tsaya daf da shi, na farko a layin. Zuciyarsa ta yi sanyi. Wa zai riga kowa in ba Haruna ba? Har ya fara shirya yadda zai ba Jummai labari.

Sai ya ji tarin. Busasshe, sau biyu. Ba daga bayansa ya fito ba, daga hagu ne, inda layin Farfesa Kabiru yake.

Ya ce wa kansa tari ai tari ne, rabin mutanen Kano na yin sa. Ya ƙura wa bangon ido har ya fara ganin dishi-dishi. Dakta Adewale na tafe yana taɓa kafaɗu yana ƙirgawa da ƙarfi, Lawan kuwa bai ji ko ɗaya ba. Aka sake yin tarin, kuma wannan karon ba shi da ƙaryar da zai yi wa kansa.

"An gama! Ku juyo."

Wadda ke bayansa Dakta Adaobi ce, ta sashen haɗa magunguna, matar da suka shekara ba sa ga-maciji saboda rigimar jadawalin lacca. Ta ɗaga gira ta ce, "Kar ka ɗauka na huce, Dakta. Gaskiyarka kawai na bi."

Ya kai dubansa hagu. Ga Haruna can tsakiyar layin Farfesa, ya rakuɓe bayan wani dogo, idonsa a kan takalminsa.

Aka ce Lawan ya ci, da rata mai yawa. Baranda ta kaure da ihu, ɗalibai suka sauko za su ɗaga shi. Shi dai ji yake kamar an zuba masa ruwan randa. Ashe ƙuri'ar Haruna ba ta isa ta canza komai ba, kuma Haruna ya san haka, amma duk da haka bai iya tsallake layin ba. Ba a riƙe mutum haka sai in an san wani abu a kansa. Lawan ya gane ko mene ne: Haruna ne ya kai sunansa, kuma Farfesa ya sani. Abin ya yi masa ciwo fiye da ranar da aka kore shi.

Cikin turmutsitsin Haruna ya matso ya miƙo hannu.

"Allah ya taya riƙo," ya ce. Ya yi ƙasa da murya. "Ai sai da na roƙe ka a yi ta takarda."

Lawan ya dubi hannun. Idon mutane na kansu, kuma shi yanzu shugaban kowa ne. Ya karɓa, ya ce amin, ya saki.

Labari ya riga shi isa Gyaɗi-Gyaɗi. Masu faci suka tare motarsa suna kirari, maƙwabta sun cika zaure, ƙamshin miya ya cika gida. Ya ratsa su ya shige ciki. Jummai na durƙushe gaban tukunya tana kwasar tuwo. Ba ta yi guɗa ba, ba ta tambaye shi ƙuri'a nawa ya samu ba. Ta ɗago ta dube shi.

"Baban Ladi, a ina ya tsaya?"

Lawan ya cire hula ya zauna a kan turmi. Ya buɗe baki zai ce aiki ne ya yi masa yawa, sai ya tuna ya riga ya ƙarar da wannan amsar. Jummai ta jawo langar da ta saba zuba wa gidan Haruna duk ranar farin ciki, ta kife ta.