Idon Hagu na Mai Agogo

Mai Agogo mutum ne da ba ya jure ganin abu biyu sun saɓa. A shagonsa, wanda ke maƙale tsakanin mai gyaran takalmi da kantin magani, duk agogon da ke bango sai ya yi daidai da ɗan'uwansa, ko da mai shi ya manta da shi tun tuni. Shi ya sa da aka cire masa idon hagu saboda ciwon daji, fuskar ta fi damunsa fiye da rashin idon. Ya yi ta zarya wurin mai yin idon roba har aka samu wanda ya dace da na dama, har da ɗan jan jijiyar da ke gefe. Daga nan ba mai iya bambanta su. Jikokinsa ma suka mai da abin wasa, su yi ta cankar wanne ne na roba, shi kuwa yana yi musu dariyar mugunta.

Matarsa, wadda kowa ke kira Umma, ita ta ɗauki gadin idon da ya rage. Ta hana shi fita rana ba tabarau, in ana yanka albasa ta kore shi daga kicin, kullum da safe kuma ta kwantar da kansa ta ɗiga masa magani. Ranar ganin likitan ido ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya sai sun je. Sai dai akwai maganar da likitan ke maimaitawa duk zuwa, cewa a riƙa ɗaukar hoton ciki ana duba hanta. Sun je sau ɗaya tun farko, aka ce lafiya, daga nan suka yi kunnen uwar shegu. Umma ta ce ina ido ina hanta. Shi kuma ya ce a sana'arsa in ka cire abin da ya lalace ka sa sabo, magana ta ƙare. Haka shekaru suka shuɗe suna tsaron ƙofar da ba ta nan ɓarawon zai shigo ba.

Wata safiya Umma ta buɗe idon za ta ɗiga magani, sai ta ga farinsa ya ɗan rine rawaya. Ciwon gwiwa ya matsa mata a ranar, don haka autarsu, wadda ta zo ganin gida da 'ya'yanta, ita ta raka shi asibiti. Likitan ido ya haska, ya ce idon lafiyarsa lau. Bai yi murmushi ba, sai ya tura su wani ginin.

A can, bayan hoton ciki da ɗibar jini, wata likita ta zaunar da su. Ta ce tun kafin a cire idon wasu ƙwayoyin dajin sun riga sun sulale sun bi jini. Hanta kuwa tana fitar da wani sinadari mai sa ƙwayoyin jiki su girma, don ta riƙa gyara kanta, kuma ƙwayoyin dajin ido suna da kunnen jin wannan kiran. Shi suke bi har su sauka a hanta, su kwanta shiru shekara da shekaru, ran da suka farka kuma wannan sinadarin ne ke ciyar da su. Yanzu sun cinye mafi yawanta. Auta ta tambaya ko da an riƙa zuwa hoton da ba a kai nan ba. Likitar ta ce ba za ta yi musu ƙarya ba, wataƙila da an sami ƙarin lokaci, amma warkewa ba ta da tabbas ko a da.

Mai Agogo tambaya ɗaya ya yi, ko abin zai taɓa idon dama. Aka ce a'a, sai dai launin zai ci gaba da ƙaruwa.

A hanya ya ja wa Auta kunne kada ta kuskura ta faɗa wa uwarta. Da suka isa ya ce cutar shawara ce kawai, an ba shi magani, za ta wuce. Umma ta yi hamdala har da cewa dama ta san ido ba ya yin haka a banza. Auta ta shige bayi ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Ya koma shago, ya maƙala ɗan gilashinsa a ido ya ci gaba da aiki, ko da yake wandonsa ya fara yi masa yawa. Ciwon ya iya daurewa. Abin da ya kasa daurewa shi ne kallon mutane. Mai kawo gyara zai dubi idon dama, ya dubi na hagu da ke fari fes, sai ya sunkuyar da kai. Ranar da ƙaramin jikansa ya canka daidai tun kafin a ce a fara wasan, abin duniya ya ishe shi. Washegari ya rufe shago ya nufi wurin mai yin ido don a yi masa wanda zai dace da launin na dama, bai yi shawara da kowa ba.

Mai yin idon ya zaunar da shi gaban taga, ya jera fentinsa, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce aikin zai ɗauki kwanaki, kafin nan kuma launin ya riga ya canza.

"Wanne zan bi, malam? Na yau?"

"Yi gaba kaɗan," in ji Mai Agogo. "Zan same shi a hanya."

Ya ko same shi. Ranar da ya karɓa aka sa masa, ya dubi madubi ya ga sun daidaita, ransa ya yi fari, rabon da ya ji haka tun ranar asibiti. Ya shiga gida da sallamarsa, ya cire tabarau, har da ɗan juya fuska don a yaba.

Umma na ninke wanki a bakin gado. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi dama, ta dubi hagu. Rigar da ke hannunta ta zame ƙasa.

"Ka ce mini za ta wuce," ta ce a hankali.

"Za ta wuce mana."

"Malam, wa ke rina ido saboda ciwon da zai wuce?"

Sai a lokacin ya gane da hannunsa ya kawo mata labarin da ya hana a faɗa. Ya zauna kusa da ita. Ta miƙa hannu ta ɗauko kwalbar maganin da ke kan teburi, ta kwantar da kansa a cinyarta, ta buɗe idon dama, lafiyayyen da ta tsare duk shekarun nan. Ta ɗiga, ta sake ɗigawa, maganin ya yi ta zuba a kumatunsa.