Rijiyar Riko Nan da Shekara Hamsin

Mutmainna ta ɗaura wa Ɗantala wata na'urar kallon hoto a idanu, ta ja maɗaurin ta bayan hularsa.

"Baba, za ka ga yadda ƙasarku za ta koma nan da shekara hamsin, in ba a tashi tsaye kan sauyin yanayi ba."

"To, Allah shi kai mu."

Ma'aikaciyar wata ƙungiya ce daga Abuja. Kwastan na duba motarsu a bodar Jibiya kafin su tsallaka Maraɗi, shi ne suka ajiye benci suna nuna wa jama'a ƙarshen duniya kyauta. Shi kuwa Ɗantala dako yake yi a nan tun da gonarsa ta daina ba da komai.

Ya ga yashi, ya ga kututture, ya ga rijiya. Ya gane rijiyar. Ta bayan gidansa ce a Riko, inda wasu baƙi suka kafa wani abin ɗaukar hoto mai ƙafa uku bara waccan. A bakinta wata mace na jan guga, ta ba da baya, yadda matar aure ke yi in baƙi sun fito da kyamara. Zanen jikinta shi ya sayo shi. Fatsuma ce. Ta rasu da azumin bara, ba ta bar hoto ko ɗaya ba, kuma fuskarta ta fara ɓace masa.

"Kana iya duba ko'ina, Baba. Dama, hagu, sama."

Ba shi da harka da sama. Ya miƙe zai zagaya gabanta, ya yi karo da benci. Rijiyar ba ta matso ba.

"Zauna, Baba! Kai kawai ake juyawa."

"Ɗiyata, ita ba ta juyowa?"

"Wa?"

"Mai gugan."

Mutmainna ta dubi Mujahid mai ɗaukar hoto. Ya ce shi bai taɓa lura akwai mutum a wurin ba.

Hoton ya ɗauke. Aka kwance na'urar, Mujahid ya saita masa kyamara.

"Faɗa wa duniya, Baba. Me ka gani?"

"Igiyar maƙwabcinmu Nagoggo ce ta sake arowa. Na hana ta."

Mutmainna ta juya ga kyamara, ta faɗa da Turanci cewa dattijon ya firgita matuƙa da matsalar ruwa.

"A sake sa mini," in ji shi.

"Sau ɗaya ne kowa, Baba. Ga shi ma an sallame mu."

"Can ma za ku nuna?"

"Gobe, a Maraɗi."

Ɗantala ya tura baronsa wurin mai shayi, ya ce a duba masa. Sannan ya shiga layin masu tsallakawa. Ya ga kamar, dab da hoton zai ɗauke, ta fara ɗago kai.