Wa Ya Hana Shuka Dawa?

Ranar da aka yi ruwan shuka a Kutama, labari ya riga ni zuwa gona: wai sojojin shingen hanyar Gwarzo sun hana shuka dawa da gero a bakin titi, don kada ɓarayi su sami maɓoya. Tawa gonar a bakin titin take. Dawarta muke ci a gidana har wata damina, kuma laimar ƙasa ba za ta wuce kwana uku ba.

"Hajiya, ki zuba wake kawai," in ji Sajo, maƙwabcina a gona. "Soja ne fa."

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, kusan rabinsu a mulkin soja. Ko a lokacin, doka da takarda take zuwa.

Na kasa zama. Na je wurin mai unguwa, ya ce shi ma a masallaci ya ji, amma ya sa an yi shela don gudun fitina. Washegari na hau babur zuwa Gwarzo wurin kansilanmu Abdulmumini, wanda na koyar a aji uku.

"Inna Malama, maganar tsaro ce, ta fi ƙarfinmu."

"Mu muka zaɓe ka ko su? Ina takardar?"

"Ni zan je in tambayi mai bindiga takarda? Ina da yara ƙanana, Inna."

"A aji ma haka kake. Sai wani ya ɗaga hannu kake ɗagawa."

Ya yi dariya, bai tashi daga kujerarsa ba.

A hanyar dawowa na ga gonakin bakin titi, rabinsu an riga an zuba musu wake. Ƙasa ta fara fari a sama.

Rana ta uku da sassafe na taka har shingen. Shugabansu matashi ne ɗan Filato, Shadrak. Ya gaishe ni da kyau, ya ba ni benci.

"Mama, ba mu da ikon hana noma. In za a hana, daga gwamnati zai fito a rubuce, ta hannun ciyaman ɗinku."

"To daga ina ta fito?"

Ya kira mutanensa ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, har ya aika aka kirawo mai shayin gefen shingen.

Ashe wani kofur ne, wata rana yana shan shayi, ya ce wa mai shayin wai bara dogayen karare sun tare masa ganin kwanar titi. Daga bakin mai shayin magana ta bi gari har ta zama doka. Tun da azumi aka mayar da kofur ɗin wani gari. Babu wanda ya taɓa ba da umarni.