Tanon da ke kuka da magariba

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, fari ya koro mutane Yamai da ƙoƙo a hannu, kuma duk wanda aka kama da taɓa abincin agaji, iyalinsa ba sa sake jin ɗuriyarsa. Yayana Haruna shi ke riƙe da mabuɗin wata mangaza ta ajiyar kayan agaji a unguwar Lamorde, inda aka jera tano arba'in na man girki, manyan na ƙarfe, a tsakar fili cikin rana.

Ni Saratu malamar shimi ce, ilimin sinadarai, a lise, wato makarantar sakandare. Ran nan na kai masa tuwo gab da magariba, muna zaune sai na ji gam! daga cikin tanonin. Can kuma wani ya amsa.

"Aljanun wurin ne," in ji Yaya Haruna, yana dariya. "Kullum haka suke."

Dariyar ba ta yi mini ba. Shekara tara ina koyar da abin nan: iska in aka kulle ta a mazubi, zafi ya buge ta, sai ta tura ƙarfe waje, in ta huce ta janyo shi ciki. Amma sai da iskar. Tanon da ke cike da mai ina ya ga wurin ajiye ta? Na kasa kunne, na ji tano bakwai sun yi kukan. Sannan idona ya faɗa kan sabon takalminsa, irin wanda albashinsa ba zai saya ba.

"Yaya, yaushe aka buɗe su?"

"Wa zai buɗe? Ga hatimi nan. Ke dai boko ya cika miki kai."

Na ɗauki kwanona ina lallashin zuciyata: sojoji hatimi suke dubawa, ba sa saurare.

A bakin ƙofa sojan da ke gadi ya miƙe ya cire hula.

"Madam, ba ki gane ni ba? Yakuba ne, na bencin baya."

Na gane shi sarai. Dakiki ne na ƙarshe, sau uku ina tsare shi bayan an tashi, da gwangwani da murhu, har sai da darasin iska ya shiga kansa da ƙarfin tsiya. Ranar har alfahari na yi.

"Kin san ban manta ba," ya ce, yana sosa ƙeya. "Sati biyu nake jin su, ina cewa ko ni ne na ruɗe. Yanzu ga ki Allah ya kawo. Madam, cikakken tano yana irin wannan kukan?"

Na waiwaya. Yaya Haruna yana wanke hannu, bai ji ba. Yakuba ya tsaya yana jirana, baki sake, kamar yadda yake yi a aji in yana son in ce ya ci.

Kafin in buɗe baki, na takwas ya yi gam.