Bushiyar Maman Koharu

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, rubutuna har yau manya-manya ne irin na yara, kuma ban saba faɗa wa kowa abin da ke raina ba. Na dai daure.

Sunana Chizuru. Ina zaune a garin Kiryu wurin Goggo Tomie, yayar babana, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Ƙasa shagonta ne na ɗinki, sama ɗakina. Wata safiya, ina ajin ƙarshe, na tsaya a ƙofar makaranta ƙafafuna suka ƙi shiga. Na juyo gida, ban sake fita ba. Da fari malamai sun yi ta sintiri, daga baya kowa ya gaji. Yanzu duk wanda ya shigo gidanmu ya dubi takalman da ke jere a bakin ƙofa zai rantse mutum ɗaya ke zaune a ciki. Nawa na makaranta sun daɗe da yi mini kaɗan, Goggo ta zubar.

Aikina jakunkunan yara masu shiga nazare. Tunda ba su iya karanta sunansu ba, kowane yaro malama takan ba shi dabbarsa, wannan zomo, wancan agwagwa, da ita zai gane jakarsa da inda zai rataye ta. Jakar kuwa uwa ce ya kamata ta ɗinka da hannunta. Wadda ba ta iya ba sai ta zagayo ta ƙofar baya wurin Goggo. Ni nake zana dabbar a kwamfuta, da ƙaton kai da ɗan ƙaramin jiki, in ɗame yadin a zobe, keken surfani ya bi zanen da allura.

Dokar Goggo ɗaya ce: "Kada ya cika kyau. Uwa ce ta yi, ba kamfani ba." Don haka kowace dabba nakan bar mata ɗan aibu, kunne ya karkace ko ido ɗaya ya ɗan sauka. Tagata bangon maƙwabta take kallo. Ina jin yara suna wucewa da safe, amma ban taɓa ganin jakata a hannun yaro ba.

Ran nan da yamma ana yayyafi, na ji ƙofar baya ta buɗe. Na kashe keken, na zauna a saman matakala inda ba a ganina.

"A'a, Maman Koharu! Hannun jakar ne ya tsinke?" in ji Goggo.

"Ina ma shi ne, Mama. Bushiyar nan ce ta ja mini."

Na tuna ta. Bushiya ce ruwan ƙasa a kan yadi mai ruwan ɗorawa, na runtse mata ido ɗaya.

Matar ta ci gaba. "Surukata ta ga jakar, ta zagaya unguwa da ita, wai ashe matar ɗanta tana da hannu. Shekaranjiya sai ga mota ta sauke mini keken surfani sabo fil. Ran Lahadi za ta zo ta zauna, ta ga na yi wa ɗayan jikanta irinta sak."

Goggo ta yi dariya har da tari. "To ki ce kin yanke a yatsa mana."

"Na ce. Ta kawo mini magani."

"Ki ce keken ne ba kyau."

"Ta kira mai shagon da ta sayo shi, ya ce lafiyarsa ƙalau. Na gwada, Mama. Ko layi ɗaya ban yi ba zaren ya dunƙule a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. In matar nan ta gane sayowa na yi, ba zan ƙara ɗaga kai a gidan ba."

"Kawo keken nan a duba."

"Ƙarti biyu suka shigar da shi, ni ina zan iya? Amma gobe da safe mijina zai kai surukar tawa asibiti a duba mata gwiwa, ba za su dawo ba sai tsakar rana. Wadda ta yi bushiyar ta zo ta sa mini zanen a keken, ta nuna mini sau ɗaya. Nan ne fa bayan gada, gida mai shuɗin rufi kusa da gidan wanka."

"Ba ta fita."

"Ba nisa, Mama."

"Na ce miki ba ta fita. Ba ta iyawa. Yarinyar da ko mai kawo wasiƙa ya ƙwanƙwasa sai ta shige bayan labule?"

Gaskiya Goggo ta faɗa. Amma ban taɓa jin an faɗa wa baƙo ba, kuma da irin muryar da take cewa ran Laraba ba a buɗe shago. Na san abin da ke damun keken matar, zaren ƙasa ne bai zauna daidai ba. Na buɗe baki in faɗa daga inda nake. Ba abin da ya fito.

Maman Koharu ta ɗan ɗaga murya, na san da ni take. "Koharu tana kiranta Mai Gyangyaɗi, saboda idon nan. Ba ta yarda ta shiga aji sai ta shafa mata kai."

Ƙofa ta rufe.

Da Goggo ta hawo mini da abinci, shinkafa da gasasshen kifi, na bari sai da ta ajiye tiren.

"Goggo, in na je fa?"

"Ina?"

"Bayan gada."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Da wane takalmi, 'yar nan? Ko da silifas ɗin banɗaki za ki gidan mutane?" Ta yi dariya, da ta ga ban yi ba sai ta daina. Ta zauna a bakin shimfiɗata tana dafa ƙugu. "Ba mugunta nake miki ba, Chizu. Ki je tsakiyar gada ki ƙame, wa zai ɗauko ki? Ni da wannan bayan nawa? Kina zaune lafiya, kina ci, kina aikinki. Me kika rasa?"

Ta miƙe, ta ƙara da cewa:

"Kuma in ta iya, ta koya wa ƙawayenta, wa zai ƙara zagayo mana ta ƙofar baya? Ci abincinki ya huce."

Ta sauka. Ban san wanne ne ainihin dalilinta a cikin biyun ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Na zauna ina kallon dabbobin da na yi gwaji da su na manna a bango, zomaye da kyanwoyi da kurege, duk suna murmushi. 'Yan'uwansu na jikin jakunkuna sun shiga motar makaranta, sun je bakin kogi, sun sha ruwan sama. Na ɗauki kifin na mayar kan tiren.

Washegari da safe, Goggo tana bayan gida tana shanya, na sa zanen bushiyar a ɗan filashin kwamfuta, na haɗa da ƙaramin almakashi da zare ruwan ƙasa na zuba a aljihu. Na sauko ina riƙe da bango. A bakin ƙofa na zauna na daɗe ina kallon takalman Goggo. Na jawo na ruwa, dogayen nan na roba. Sun yi mini yawa, sai na cusa ƙyallayen yadi a gaban kowanne. Sai a karo na biyu sakatar ta zare. Haske ya kashe mini ido, na runtse ɗaya, na juya wajen gada.