Yis ɗin da na gada daga ubana

Shekara talatin da takwas makullin ɗakin sanyi yana hannuna a kamfanin giyar da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya. Ni ne Fahim Morkos, mai kula da yis ɗin da ke sa giya ta nuna; Usta ake ce min, wato gwanin sana'a. Yis ɗin nan ya girme ni. Ubana ya karɓe shi daga hannun wani Bagirke, ni na karɓa daga ubana. Duk tankin da giyarsa ta nuna, sai in buɗe famfon ƙasa. Wanda ya fara fita datti ne, na ƙarshe rago ne, duk a zubar. Na tsakiya mai launin madara shi ake ɗiba a ba tanki na gaba. Haka yake ta haihuwa, bai taɓa yankewa ba.

Sai wani katafaren kamfanin Turai ya saye mu, ya ɗora mana Injiniya Tamir, mutumin da ko gemunsa bai gama cika ba.

"Usta Fahim," in ji shi, "daga Litinin busasshen yis na leda za mu riƙa zubawa. Suna son giyarmu ta zama ɗanɗano ɗaya da ta kowace ƙasa."

"Mu 'yan kowace ƙasa ne?"

"Gobe ka buɗe famfo, tsohon ya bi kwata."

"Ka taɓa ko shinshina shi?"

"Na karanta takardunsa. Shara ce, Usta."

Na buɗe famfon da safe. Amma kafin ya gama bin kwata na cika kwalbar zaitun ɗin matata da na tsakiya, na naɗe ta da tawul da ƙanƙara, na sa a jaka. Burina kawai ya kai firjin gidana da rai.

A ƙofa Abdul-Maula mai gadi ya tare ni. Shekara ashirin muna cin wake da gurasa a kwano ɗaya, amma sabuwar doka ta ce a buɗe jakar kowa.

"Kai, Usta! Da tsufanka kunu ka fara sata?"

"Rufe min jaka, ɗan'uwana, rana na dukan sa."

Bai rufe ba, don Tamir ya hango mu daga bene ya sauko.

"Wannan kayan kamfani ne."

"Jiya da bakinka ka ce shara ce!"

"Sharar kamfani ce."

Na ce ya bar ni in wuce. Ya ce sai ya tambayi babban ofis a Alƙahira. Aka dire kwalbar a kan teburin ƙofa, tsakar rana, cikin watan Agusta. Na roƙi Abdul-Maula ya sa min ita a ɗan firjinsa.

"Inda nake ajiye ruwan shana? Uwar giya? A'uzubillahi! Ka yi haƙuri, Usta, ko ƙanin ubana ne kai ba zan iya ba."

Ban ga laifinsa ba, shi ko kwalbar banza ba ya taɓawa. Na tuɓe rigata na yi wa kwalbar inuwa, ni tsoho, ƙirji a waje, masu dako suna wucewa suna kallo. Alƙahira ta ce a jira lauya. Lauya ya tafi cin abinci. Ƙanƙara ta narke ta bi ƙafar tebur. Awa uku ina tsaye ina zagin Tamir da waɗanda suka turo shi, har muryata ta dushe.

Bayan la'asar Tamir ya sauko yana murmushi.

"Albishirinka, Usta. Sun ce ba shi da amfani, kana iya tafiya da shi."

Murfin ya kumbura. Na murɗe shi, kumfa ta yi tsartuwa, wani wari ya bugo ni kamar na ruɓaɓɓen nama. Ban buƙaci kowace takarda ba, hancina ya gaya min. Zafi ya dafa shi.

Na miƙa masa kwalbar daidai hancinsa.

"Shinshina, Injiniya. Yanzu ne ya zama abin da ka kira shi."

Ya ja da baya yana toshe hanci. Na juye masa ita a kan takalminsa mai sheƙi, na ɗauki rigata na fita.