Kawu Dhakal a Bangon Tasha

Ranar da Tulshi ta ce za ta tafi jami'a a Mumbai ta karanci zanen mutanensu, 'yan ƙabilar Warli, kawunta Dhakal ya yi dariya har shinkafa ta sarƙe shi.

"Abin da kakarki ke yi da ƙullun shinkafa a bangon ɗaki? Shi za ki je birni a koya miki? To in kin gama wa zai ɗauke ki aiki?"

Tana gama karatu kuwa hukumar garinsu ta ba ta aikin ƙawata sabuwar tashar mota. Ta shafe bangon da jar ƙasa, ta cika shi da fararen mutane, masu dashen shinkafa da masu rawa. A can gefe ta zana giginya, ga wani mutum yana faɗowa daga kanta ƙafafu sama, tulun bammi na biye da shi.

Mutanen zanen Warli ba su da fuska, don haka Tulshi ta ɗauka ba mai ganewa. Sai dai hannunta ya zarce, ta yi wa mutumin tumbi. Ranar kasuwa, duk motar da ta sauke 'yan ƙauyensu sai ka ji ana cewa, "Ai ga Dhakal can, shekarar da ya faɗa gonar surukinsa."

Da yamma sai ga shi ya zo yana huci, ya same ta a kan tsani.

"Ke Tulshi, karatun da kika yi ke nan? Tonon asirin manya?"

"Kawu, ai ba suna a jiki."

"Tumbin fa, na uban wa ne?"

Ta sauko, ta ɗauki jar ƙasa za ta shafe. Ya riƙe mata hannu. Ya daɗe yana kallon bangon, ga wasu baƙi na ɗaukar hoton wurin da waya.

"Wa ya ce ki goge? Giginyar ce ƙarya. Wadda na faɗo daga kanta ta ninka wannan. Kin sa mutane za su ce daga kan kujera na faɗo."

Tulshi ta koma kan tsani, ya riƙe mata, yana ta cewa ta ƙara wa giginyar tsayi. Sai da ganyen ya taɓo rufin tashar sannan ya yarda ta sauko.